Europe da Bakandamiyar da Kasuwa Ta Zaɓa Musu

A gidan kallon ƙwallon da nake zuwa, mai gidan yana da wata al'ada da ba ya fashinta. Idan ya tada janareta ya gama haɗa wayoyinsa, kafin 'yan wasa su fito fili, sai ya saki wani kiɗa don ya gwada sifikokinsa. Kullum kiɗan nan ɗaya ne. Sauti ne mai kama da busar kakaki, ya hau ya sauko ya sake hawa, kamar ana shelar fitowar wani babba. Samarin da ke kan benci sukan bi shi da fito, wasu da baki, har da masu buga benci da tafin hannu. Wata ranar Asabar na juya na tambayi wanda ke zaune kusa da ni, na ce, "Ɗan'uwa, ka kuwa san masu wannan kiɗan?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Malam, ni na ɗauka na ƙwallo ne, don ita aka yi shi."

Kiɗan nan mabuɗin wata waƙa ce mai suna "The Final Countdown", wadda wasu samari biyar 'yan ƙasar Suwidin suka fitar a 1986. Sunan ƙungiyarsu Europe. Amsar saurayin ba ta dame ni ba, domin an haife shi ne bayan waƙar ta daɗe da gama tashenta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar waɗanda suka san sunan ƙungiyar, suka kuma yanke mata hukunci da kalma uku: masu waƙa ɗaya. Na sha karanta wannan hukunci a rubuce-rubucen masu sharhin kiɗa, na kuma ji shi daga bakin abokai. A ganina zalunci ne, kuma irin zaluncin da ake yi wa masu sana'a da yawa idan aka ɗauki ranar da kasuwarsu ta fi ci aka ce ita ce tarihinsu gaba ɗaya.

Ni a kaset na fara jinsu. Yayana ne ya zo da shi hutu daga makaranta, kaset ɗin kwafi, an rubuta sunan da biro a jikin takardarsa, rubutun ma ya fara dusashewa. Rediyonmu mai cin batir ce, kuma tura kaset gaba don neman wata waƙa ɓarnar batir ne, shi kuwa batir kuɗi ne. Saboda haka doka ce a ɗakinmu: in an sa kaset, sai ya kai ƙarshe a juya bayansa. Idan rediyon ta tauna zaren, Yaya ya zaro shi a hankali ya sa biro ya naɗe. Ta haka na ji waƙoƙi goman da ke cikin kundin, wato faifan da waƙar nan take ciki, wanda shi ma sunanta ya ci, daga farko har ƙarshe, sau ba adadi. Tun ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba na san cewa mai kaɗa gitar nan gwani ne, na kuma san waƙa ta uku, mai sanyi, ta fi ta farko shiga zuciya.

Salon kiɗan da ake jingina su da shi ana kiransa glam metal. Reshe ne na kiɗan rok mai ƙarfin gita da ganguna, amma an sassauta shi da amshi mai daɗi wanda kowa zai iya kamawa tun a ji na farko. Masu yin sa sun yi suna da dogon gashi da ake tayar da shi sama, matsattsun kaya masu ƙyalli, wasu har da hoda da jan baki. Cibiyarsa gidajen rawa ne na titin Sunset da ke Los Angeles, inda su Mötley Crüe da Ratt da Poison suka yi ƙarfi. Tashar MTV, gidan talabijin mai nuna bidiyon waƙoƙi, wadda ta fara aiki a watan Agusta na 1981, ita ta kai su ɗakunan mutane, domin tasha ce mai neman abin kallo, su kuma abin kallo ne. A watan Nuwamba na 1983 kundin Quiet Riot mai suna Metal Health ya hau na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard ta Amurka, karo na farko da kundin irin wannan kiɗa mai nauyi ya kai wurin. Daga nan kamfanonin faifai suka bazama neman duk wani saurayi mai gashi da gita.

Ba na kare kwalliyar mata a fuskar maza, ba na kuma kare shaye-shaye da lalatar da wasu daga cikinsu suka yi ƙaurin suna da su, waɗanda su da bakinsu suka ba da labari. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, ba kuma abin da zan so wa ɗana ba ne. Maganata a kan aiki take, da yadda ake auna shi.

Europe ba 'yan Los Angeles ba ne. A wani gari mai suna Upplands Väsby, arewa da birnin Stockholm, suka haɗu a 1979 suna 'yan makaranta, da sunan Force. Jagoran waƙa Joey Tempest, wanda sunansa na yanka Joakim Larsson; mai gita John Norum. Sun kai kaset ɗinsu kamfanonin ƙasarsu, aka ce musu su aske gashi su koma waƙa da harshen Suwidin in suna son a saurare su. Suka ƙi. A 1982 suka shiga gasar kiɗan rok ta ƙasa, Rock-SM, inda dubban ƙungiyoyi suka fafata, kuma a lokacin ne suka sauya suna zuwa Europe. Suka ci gasar. Tempest ya zama gwanin mawaƙa, Norum gwanin masu gita, ladan kuma shi ne yarjejeniyar buga faifai. Kundinsu na farko ya fito a 1983, ya kai na 8 a Suwidin, wata waƙa a cikinsa, "Seven Doors Hotel", ta samu karɓuwa a Japan. Na biyu, Wings of Tomorrow, ya biyo baya a 1984. Wanda ya saurari waɗannan biyun zai ji kiɗa ne mai kaushi da sauri, jikan su Deep Purple da Thin Lizzy da UFO, kiɗan yaran da suka tashi suna bitar gita a ɗaki har yatsunsu suka yi kanta.

To daga ina busar kakakin nan ta fito? Tun wajen 1981 ko 1982 Tempest ya ari wani kibod ƙirar Korg a hannun abokinsa Mic Michaeli, wanda a lokacin bai ma shigo ƙungiyar ba. Yana wasa da shi sai wannan sautin ya zo masa. Ya ajiye shi shekaru bai san abin da zai yi da shi ba. A 1985 John Levén, mai kaɗa gitar bass mai kaurin sauti, ya ba shi shawara ya gina waƙa a kai. Ya gina, ya ɗora mata baitoci kan mutanen da ke barin duniya su nufi sararin samaniya, tunanin da ya ce wata tsohuwar waƙar David Bowie ce ta jawo masa. Da ya kawo wa 'yan'uwansa, Norum bai so ba. A kunnensa wannan ba kiɗansu ba ne: su masu gita ne, ga kibod ya zo ya zauna a kujerar gaba. Su kansu waɗanda suka yarda da waƙar ba don rediyo suka yarda da ita ba. Ta wuce minti biyar, shimfiɗarta doguwa ce kafin a ji muryar mawaƙi. Niyyarsu ita ce su riƙa buɗe wasa da ita, a kashe fitilu, a saki sautin, jama'a su san cewa ga su nan tafe. Da aka zo zaɓen waƙar da za a fara turawa kasuwa, wasu daga cikinsu "Rock the Night" suka so. A ƙarshe dai ita aka tura.

Abin da ya biyo baya ba su taɓa mafarkinsa ba. Waƙar ta hau na ɗaya a ƙasashe 25, har da Birtaniya, inda ta yi mako biyu a sama a ƙarshen 1986. Da 'yan ƙwallon kwando na Girka suka ci kofin nahiyar Turai a birnin Atina a 1987, ita ta zama taken murnarsu, kuma har yau ba su rabu da ita ba. Kundin ya kai na 8 a Amurka, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 3 a can kaɗai. A 2022 bidiyon waƙar ya haye kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Ba na cikin masu raina wannan nasara. Akwai wasu masu sharhi da suke ganin duk abin da talaka ya so, to abin banza ne. Ni ina ganin mutumin da ya haɗa 'yan sautuka kaɗan suka ratsa harsuna da addinai da shekaru, har suka iso gidan kallon unguwarmu yaro yana bin su da fito bai san daga ina suka fito ba, wannan mutum ya yi abin da makaɗa dubu suka nema ba su samu ba. Baiwa ce, kuma a yaba masa.

Amma mu koma kan zancen waƙa ɗaya, mu auna shi da ma'aunin su masu faɗarsa. A jadawalin waƙoƙi ɗari na Billboard, "The Final Countdown" a na 8 ta tsaya. Waƙar nan ta uku mai sanyi da na ambata, "Carrie", wadda Tempest da Michaeli suka rubuta tare, ita ta kai na 3 a 1987. Wato a kasuwar da ta fi kowace girma a duniya, waƙar da ake cewa ita kaɗai gare su ba ita ce ma ta fi hawa ba. "Rock the Night" ta kai na 30, "Superstitious" ta 1988 ta kai na 31. Waƙoƙi huɗu ke nan a cikin arba'in na sama. Kundin Out of This World na 1988 ya kai na 19, ya kuma sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Ƙungiyoyi nawa ne suka yi shekara ashirin suna kiɗa ba su ga rabin wannan ba? Ashe ko da jadawalin za a yi alƙalanci, shaidarsa ta ƙaryata hukuncin. Mutane ba jadawalin suke karantawa ba. Abin da ya rage a kunnensu suke faɗi, sannan su jingina shi ga lissafi don ya yi nauyi.

A wajenmu akwai kalmar da ta dace da wannan al'amari, wato bakandamiya. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa. Ita ce waƙar da makaɗi yake zuba dukan fasaharsa a ciki, ya yi wa kansa kirari, ya ce ga ni, ga iyakar abin da Allah Ya hore mini. Abin lura shi ne makaɗin ne da kansa yake nuna ta ya ce wannan ce. Kuma babu mai hankalin da zai ce Shata mai waƙa ɗaya ne don yana da bakandamiya. Sanin ta ma shi ke sa mutum ya nemi sauran. Su Europe ba su suka nuna tasu ba. Kasuwa ce ta ɗauki waƙar buɗe fili, wadda suka yi don a kashe fitila a kunna, ta ɗora musu a ka ta ce daga yau ku ne wannan. Maimakon ta zama ƙofar shiga gidansu, sai ta zama katangar da ta tare gidan.

Wanda ya fara biyan kuɗin wannan nasara shi ne John Norum. A ƙarshen 1986, daidai lokacin da waƙar take kan ganiyarta, kuɗi na shigowa, ana rububin su a gidajen talabijin na Turai, ya ajiye gitarsa ya bar ƙungiyar. Bai ji daɗin yadda kibod ya danne gita a kundin ba, bai kuma ji daɗin yadda aka mayar da su 'yan kwalisa masu fitowa a bangon mujallun 'yan mata, suna motsa baki a talabijin ana sakin faifai a baya. Saurayi ne ɗan shekara 22. Ina yawan tunanin wannan mataki nasa. Mu da muka san yadda neman abinci yake, mun san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tashi daga kan tabarmar da aka fara raba nama. Za a iya cewa taurin kai ne, amma ni na ɗauke shi shaidar cewa a cikin ƙungiyar nan akwai mutanen da kiɗan ya dame su fiye da matsayin da suka hau. Kee Marcello ne ya maye gurbinsa, shi ma gwani ne na gaske, duk wanda ya ji yadda ya sarrafa gita a tsakiyar "Superstitious" ba zai musa ba.

Irin wannan tarko ba su kaɗai ya kama ba. Jani Lane na ƙungiyar Warrant ya gama kundinsa na biyu, yana alfahari da waƙoƙin da ya sha wahala a kansu, sai kamfani ya ce ba a ji wadda za ta ci kasuwa ba. Ya zauna cikin kamar minti goma sha biyar ya rubuta "Cherry Pie". Ita ta zama sunan kundin a 1990, ita ta zama sunansa a bakin duniya, kuma ya fito fili daga baya ya nuna baƙin cikinsa da hakan. Tsarin kamfanonin a lokacin sananne ne: a fara da waƙa mai zafi don samari, a biyo da mai sanyi ta soyayya don rediyo da 'yan mata. Poison ba su taɓa hawa na ɗaya ba sai da irin wannan mai sanyin, a ƙarshen 1988. Da tsarin ya yi aiki sau biyu sau uku, sai aka mayar da shi doka, aka riƙa ɗebo ƙungiyoyi ana zuba su a cikin kwano ɗaya har kunnen jama'a ya gundura. A nan ina ganin laifin Europe su ma. Bayan 1986 sun bi wannan hanya fiye da yadda ya kamata, suka goge kaushin da ke cikin kiɗansu don su gamsar da rediyon Amurka. Alamar cewa abin yana damun su ita ce a 1989 sun je wani ƙaramin gidan rawa na Los Angeles, Whisky a Go Go, suka yi wasa da sunan aro, Le Baron Boys, don su kaɗa abin da ransu ke so ba tare da nauyin sunansu ba.

Shi kansa jadawalin da ake rantsuwa da shi, ya kamata a san yadda ake dafa shi. Kafin 1991, Billboard ba ta ƙirga faifan da aka saya ɗaya bayan ɗaya. Masu shagunan faifai take tuntuɓa su faɗi abin da ya fi tafiya a wurinsu, gidajen rediyo kuma su aiko da jerin abin da suka ce suna sawa. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san irin ƙofar da wannan ke buɗewa: mai shago yana da ra'ayinsa, yana da kayan da yake so ya rabu da su, wakilin kamfani kuma yana da hanyoyin faranta masa. A watan Mayu na 1991 aka koma amfani da na'urar SoundScan, mai ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Nan take fuskar jadawalin ta sauya. Cikin 'yan makonni kundin N.W.A, masu waƙar rap da rediyo ke gudu, ya hau na ɗaya. A watan Satumba Garth Brooks, mawaƙin karkarar Amurka, ya shigo kai tsaye a na ɗaya. Mutanen nan dama ana sayen su. Ma'aunin ne ba ya ganin su. Duk lambobin jadawalin Billboard da na lissafa na Europe a ƙarƙashin tsohon ma'aunin aka samo su, haka ma na abokan zamaninsu. Ban ce ƙarya ba ne. Na ce ƙiyasi ne na mako guda a ƙasa guda, kuma ko a hakan da hannun mutane a ciki.

Labarin da aka fi yaɗawa game da ƙarshen wannan salo shi ne wai Nirvana, wata ƙungiyar rok ta yankin Seattle a Amurka da ta zo da sabon salo, ita ce ta kashe shi dare ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma Europe sun ɗanɗana. Kundinsu na biyar, Prisoners in Paradise, ya fito a watan Satumba na 1991, a mako guda da Nevermind na Nirvana. A watan Janairu na 1992 Nevermind ya ture Michael Jackson daga na ɗaya, shi kuwa na Europe ko motsi bai yi ba a Amurka. A shekarar suka dakatar da aiki, kowa ya kama gabansa. Sai dai lissafin bai goyi bayan zancen dare ɗaya ba. A watan Yuni na 1991 Skid Row, 'yan wannan dangi, sun shigo kai tsaye a na ɗaya. A watan Afrilu na 1992, bayan Nirvana ta riga ta yi tashe, Def Leppard, su ma 'yan dangin, sun hau na ɗaya suka yi mako biyar. Masu sauraro ba su watse rana ɗaya ba. Kamfanoni da MTV ne suka kwashe kuɗin talla suka koma Seattle neman masu rigar makanikai da baƙin rai, kamar yadda shekaru takwas kafin nan suka kwasa suka tafi neman masu gashi. Waƙar da ba a tallata ba, ba a sa ta a rediyo ba, ba za ta hau jadawali ba, daga nan kuma sai a nuna jadawalin a ce ga shi jama'a sun ƙi ta.

Ɓangaren tarihinsu da na fi so shi ne wanda ba a cika faɗa ba. A daren 31 ga Disamba 1999 aka gayyace su Stockholm don bikin shiga sabon ƙarni. Suka hau dandali cikin sanyin hunturu, Norum da Marcello duka biyun, wanda ya tafi da wanda ya gaje shi, kafaɗa da kafaɗa. Wace waƙa ce ta fi dacewa da daren da duniya ke ƙirga daƙiƙu? Daga wannan haɗuwa zumunci ya farfaɗo, a 2003 suka dawo aiki sosai, da mutum biyar ɗin nan da suka yi kundin 1986: Tempest, Norum, Levén, Michaeli da mai ganga Ian Haugland.

Hanya mai sauƙi a buɗe take gare su. Da yawa daga abokan zamaninsu ita suka bi: a riƙa yawo gari gari ana maimaita tsofaffin waƙoƙi ga masu kewar ƙuruciya, a karɓi kuɗi a koma gida. Su sai suka koma ɗakin naɗar sauti. Start from the Dark a 2004, mai duhu da nauyi, a cikinsa akwai waƙar girmamawa ga marigayi Phil Lynott na Thin Lizzy, wanda suka tashi suna koyi da shi. Secret Society a 2006. Last Look at Eden a 2009, wanda ya hau na ɗaya a Suwidin. Bag of Bones a 2012, inda suka karkata ga kiɗan bulus. Sai War of Kings a 2015 da Walk the Earth a 2017, duka biyun tare da furodusa Dave Cobb, na ƙarshen kuma a ɗakin Abbey Road na Landan aka naɗe shi. Wannan kundi ne ya ci musu lambar Grammis, babbar kyautar kiɗa ta ƙasarsu, a 2018. Kundi shida ke nan daga dawowarsu zuwa 2017, a kan biyar na zamanin tashe. Fiye da rabin aikinsu sun yi shi ne bayan duniya ta ɗauka an rufe littafinsu.

Kuma a kunnena wannan rabin ya fi. Muryar Tempest ta sauko, ta yi kauri, ta daina neman kai wa ƙololuwa don burgewa. Gitar Norum ta dawo gaba inda yake so tun farko. Kibod ɗin Michaeli ya bar ƙarar kakaki ya koma gurnanin tsohuwar ogan irin ta shekarun 1970. Kiɗa ne na dattawan da suka daina tambayar abin da rediyo ke so. Ba ɗaya daga cikin kundayen nan da ya kusanci cinikin 1986, kuma in da jadawalin Amurka kaɗai za a bi, kamar ba a yi su ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai ƙarfi. Ba don waƙar nan ɗaya ba, da wa zai san su har ya nemi sauran? Ita ta ciyar da su, ita ta sa har yau ake cika musu fili, kuma su da kansu ba su taɓa yasar da ita ba; da ita suke rufe wasa. Na yarda da wannan duka. Ni ma ta ƙofarta na shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a bakin ƙofa a ce an ga gida. Kuma yanzu tsayawar ta fi sauƙi fiye da da. Tun 2013 Billboard ta fara sa kallon YouTube a lissafin waƙoƙi, a ƙarshen 2014 kuma ta fara sa sauraron intanet a lissafin kundaye. Manhajar da ke wayarka waƙar da ta fi yawan lamba take fara miƙo maka, kai kuma ka danna ta, lambar ta ƙaru, gobe a miƙa wa wani. Mai biliyan ɗaya kullum ƙaruwa take, 'yan'uwanta fiye da ɗari suna kwance a ƙasa babu mai leƙa su. Matasan mawaƙanmu na yau a cikin wannan injin suke aiki, kuma ina jin yadda ake auna su a majalisa: wane ya fi wane don waƙarsa ta fi kallo. Idan ɗayansu ya yi sa'ar waƙa guda ta fashe, sai kowa ya ce ya sake yin irinta, in ya sauya hanya a ce ya ƙare. Mu da batir ya tilasta mana jin kundi har ƙarshe mun samu wani abu da yaran yanzu sai sun yi niyya za su samu.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na ɗauko Yaya a mota za mu gaida wata gwaggonmu. Furfura ta cika masa gemu yanzu, kuma rabonsa da sauraron irin wannan kiɗa tun zamanin kaset. Na sa Walk the Earth a hankali ban ce masa komai ba. Waƙar farko ta buɗe da gurnanin ogan, ganga ta shigo da nauyi, sannan murya. Mun yi nisa yana kaɗa yatsa a kan gwiwarsa kafin ya ce, "Kai, su wane ne waɗannan? Tsofaffin Ingila ne?"

Na ce, "Yaya, mutanenka ne fa. Masu kaset ɗin nan da kake naɗewa da biro."

Ya juyo ya dube ni. "Europe? Suna nan da rai?"

"Suna nan, su biyar ɗin."

"Har da mai gitar da aka ce ya yi fushi ya tafi?"

"Ya dawo tun 2003. Shi kake ji yanzu."

Ya yi shiru har muka wuce shataletale, sannan ya miƙa hannu ya ƙara sautin da kansa, ya ce in mayar masa da ita daga farko.